Lafiyar Shugaba da Batun Tsige Shi: Ma'aunin Malamai da Lissafin Jam'iyyu

Matanin laccar da aka gabatar a gaban 'yan'uwa na Birnin Kudu da Gwaram

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulkinSa ba ya tsufa, ba ya jinya, ba ya kuma bukatar muƙaddashi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau, musu ne wanda kowannenmu ya sani. Duk lokacin da aka rantsar da sabon shugaban ƙasa, tun kafin a naɗe tabarmin biki, sai ka ji gardama ta kaure a majalisun bakin titi, da teburin mai shayi, da rumfunan kasuwar Sara, da cikin motar haya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram. Shin mutumin nan yana da lafiyar ɗaukar wannan kaya? Shin majalisa za ta iya tsige shi? Shin jam'iyyarsa za ta kai labari a zaɓe mai zuwa? Tambayoyi ne masu nauyi, domin rayukan miliyoyin bayin Allah suna rataye da amsarsu. Abin da ya dame mu shi ne, in ka gaya mana jam'iyyar mutum, to mun san amsar da zai bayar tun bai buɗe baki ba.

Domin kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki abin da ya faru a gaban idonmu. A watan Maris na 2007, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka ɗauki ɗan takarar jam'iyyar PDP, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, zuwa asibiti a ƙasar Jamus. Nan da nan ji-ta-ji-ta ta cika ƙasa cewa ya rasu, har sai da shugaban ƙasa na lokacin, Olusegun Obasanjo, ya buga masa waya a gaban taron magoya baya, aka kara wayar a lasifika don jama'a su ji muryarsa. Aka yi zaɓe ranar 21 ga Afrilu, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, ranar da aka rantsar da ɗan Bamaina, Alhaji Sule Lamido, a matsayin gwamnan Jigawa, shi ma a ƙarƙashin PDP. Malam Umaru da bakinsa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kuma kafa kwamitin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyara harkar zaɓe. Ƙarar da Janar Muhammadu Buhari ya shigar ba ta ƙare ba sai a watan Disamba na 2008, inda alƙalai huɗu na Kotun Ƙoli suka tabbatar da zaɓen, uku suka saɓa. Ke nan tun ranar farko ana musu a kan lafiyarsa, ana kuma musu a kan halaccin kujerarsa.

Ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka tafi da shi Jidda, asibitin Sarki Faisal, likitansa ya ce kumburin fatar da ke lulluɓe da zuciya ne ke damunsa. Ya tafi bai rubuta wa Majalisar Tarayya takardar miƙa ragama ga mataimakinsa ba. Ƙasa ta yi kwana 78 a haka. A cikin waɗannan kwanaki ne wani matashi ɗan Nijeriya ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama a Amurka ranar Kirsimeti, aka sa sunan ƙasarmu cikin jerin waɗanda ake tsananta wa bincike, babu shugaban da zai ɗaga waya ya yi magana da takwaransa. A cikinsu ne wa'adin Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya cika, dole shi da kansa ya rantsar da magajinsa, saboda babu shugaban ƙasa a gida. A cikinsu ne kuma rikicin Jos na watan Janairun 2010 ya ɓarke, aka yi asarar rayuka masu yawa. Wanda duk ya ce ciwon shugaba al'amarin iyalinsa ne kawai, to ya tuna da waɗannan kwanaki.

Abin da da yawa daga matasanmu ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin ƙararrakin da suka motsa ƙasar nan a wancan lokaci, daga wannan yanki namu ta fito. Alhaji Faruk Adamu Aliyu, wanda ya wakilci Birnin Kudu da Buji a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007 a ƙarƙashin ANPP, shi da wani lauya ɗan jihar nan, Sani Hussaini Garun Gabas, suka je Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja suna neman a tilasta wa majalisar ministoci ta faɗi matsayinta. Ranar 22 ga Janairu, 2010, Mai shari'a Dan Abutu ya ba ministocin kwana 14 su yanke ko shugaban yana iya aikinsa ko ba ya iyawa. Ba su ma cinye kwanakin ba: ranar 27 ga wata suka fito suka ce lafiyarsa ba ta hana shi mulki ba, alhali kuwa yana kwance a wata ƙasa, su kuma suna Abuja.

Mun tuna yadda aka yi ta kai ruwa rana a garin nan. Wasu suka ce masu ƙarar sun yi jarunta. Wasu suka ce sun ci amanar Arewa, tunda in aka ce Malam Umaru ya gaza, mulki zai koma Kudu tun Arewa ba ta cika shekarunta takwas na karɓa-karɓa ba. Wasu kuma suka ce ai ɗan adawa ne, me ake jira ya yi? Gaskiya ne ɗan adawa ne, har ya tsaya takarar gwamna a jam'iyyar CPC a 2011. To amma kasancewar mai tambaya ɗan adawa ba ya mayar da tambayarsa ƙarya. Kuma mu lura da kyau: cikin waɗannan maganganu uku babu wadda ta taɓa ainihin mas'alar, wato shin bawan Allah nan yana iya karanta takarda ya fahimta, ya sa hannu da saninsa?

Ranar 9 ga Fabrairu, 2010, Majalisar Tarayya ta fake da abin da ta kira ƙa'idar larura, ta ɗauki gajeriyar hirar da BBC ta watsa da muryarsa ranar 12 ga Janairu a madadin takardar da bai rubuta ba, ta naɗa Goodluck Jonathan muƙaddashi. Aka dawo da Malam Umaru cikin dare ranar 24 ga Fabrairu, jama'a ba su sake ganinsa ba har Allah Ya karɓi abinSa ranar 5 ga Mayu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyar ta zama kaffara.

To me ya sa aka kasa warware abin cikin sauƙi? Kundin tsarin mulki na 1999 yana da ƙofofi uku. Sashe na 145 ƙofar mutunci ce: shugaba ya rubuto da kansa cewa zai yi tafiya ko ba shi da lafiya, mataimakinsa ya riƙe, in ya warke ya karɓi abinsa. Sashe na 144 na wanda ya gaza ne gaba ɗaya, amma ba ya motsi sai kashi biyu cikin uku na majalisar ministoci sun yarda, sannan shugaban Majalisar Dattawa ya naɗa likitoci biyar, ɗayansu likitan shugaban ne, su tabbatar. Ku duba wannan wuri, 'yan'uwa. Ministocin nan shi ya naɗa su, kujerunsu kuma suna iya tafiya tare da tasa. An ce wa bara ya je ya ba da shaida a kan mai ba shi tuwo ke nan. Cikinsu duka mace guda, Dora Akunyili, ita ce ta fara fitowa fili a farkon watan Fabrairu ta ce a faɗi gaskiya. Sashe na 143 kuwa shi ne na tsigewa saboda babban laifi, za mu zo kansa.

Malamanmu na fiƙihu sun riga masu rubuta kundin nan tunani a kan wannan mas'ala da ɗaruruwan shekaru. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya ya sa lafiyar ji da gani da harshe, da lafiyar gaɓoɓi, cikin sharuɗɗan shugaba, tare da adalci da ilimi da basira da ƙarfin zuciya. Amma bai tsaya nan ba, sai ya rarrabe. Akwai naƙasar da ba ta hana komai, kamar rashin jin ƙamshi ko ɗanɗano. Akwai wadda take hana a naɗa mutum tun farko, amma in ta same shi yana kan mulki malamai sun yi saɓani a kan ko za ta sauke shi, kamar kurumta. Akwai kuma wadda take sauke shi, kamar gushewar hankali mai ɗorewa. Suma ta ɗan lokaci ba ta cikin wannan, domin ciwo ne mai zuwa ya wuce. Ma'aunin a kowane hali shi ne aikin: ciwon ya hana shi gani da ji da yanke hukunci, ko bai hana ba? Saboda haka tsufa kaɗai ba hujja ba ne, rama ba hujja ba ce, tari a gaban lasifika ko tuntuɓe a kan matakala ba hujja ba ne.

Wurin da ya fi ba mu mamaki shi ne inda ya yi magana a kan shugaban da yake raye, da sunansa ake mulki, amma wani daga cikin muƙarrabansa ya kange shi yana zartar da al'amura a madadinsa. Ya ce wannan bai warware shugabancin ba nan take, sai a dubi ayyukan wanda ya kange shin: in suna kan adalci a bar su su gudana, in sun kauce wajibi ne a nemi hanyar kawar da hannunsa. Wallahi kamar malamin nan yana zaune a fadar Abuja a farkon 2010, lokacin da 'yan tsirarun mutane ne kawai ke shiga wurin shugaba, su fito su ce ya ce. Hatsarin da ke cikin ciwon shugaba ke nan: mulki ya faɗa hannun waɗanda ba wanda ya zaɓe su, ba kuma wanda zai tuhume su.

Magabata kuwa ba su ɗauki wakilci abin kunya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ciwon ajali ya tsananta, umarni ya yi Sayyidina Abubakar ya ja mutane salla, a fili, kowa ya sani. Sayyidina Umar da aka soke shi a shekara ta 23, bai ɓoye rauninsa ba. Ya ambaci mutum shida su zaɓi halifa a tsakaninsu, ya sa Suhaibu ya riƙa limanci kafin su gama. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1812 ya raba gudanar da daula tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga karantarwa, shekara biyar kafin rasuwarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Da an rubuta takarda mai layi uku a watan Nuwamban 2009, da ba a je kotu ba, da kuma ba a mayar da jinyar mutumin kirki abin cacar baki ba. Wannan darasi ne ya sa aka gyara sashe na 145 a 2010: in shugaba ya yi kwana 21 bai rubuto ba, majalisun biyu suna iya ɗora mataimakinsa da rinjaye mai sauƙi.

Sai Allah Ya jarrabe mu da irin wannan tambaya a karo na biyu, don a ga ko da gaske muke. Shugaba Muhammadu Buhari, wanda jihar nan ta ba ƙuri'a a 2015, ya tafi jinya Landan a 2017, ya yi kwana 50, ya dawo, ya sake komawa daga 7 ga Mayu zuwa 19 ga Agusta, kwana 104. Adalci ya sa mu faɗi cewa shi ya rubuta wa majalisa, Farfesa Yemi Osinbajo ya riƙe ƙasa bisa doka, wannan kuma babban bambanci ne. Amma ba a gaya wa jama'a abin da ke damunsa ba. Me muka gani? Da yawa daga masu cewa a 2010 haƙƙin talaka ne ya san lafiyar shugabansa, sai suka koma cewa ciwo na Allah ne, tambaya ma rashin tarbiyya ce. Masu cewa a 2010 a yi wa mara lafiya addu'a a yi shiru, su ne suka koma ƙirga kwanaki, har aka kai ga ƙaryar cewa ya mutu an sauya shi da wani mutumin Sudan. Ba mu ware kanmu ba, akwai masu wannan hali a cikin sahunmu na salla. Laifi tudu ne, ka hau naka ka hango na wani. A yaƙin zaɓen 2023 ma an sake buga wannan ganga a kan Bola Ahmed Tinubu, makaɗan ne kawai suka sauya wurin zama.

Yanzu batun tsigewa. Duk mai ce muku gobe za a tsige shugaban ƙasa, ku ce ya kawo lissafi. Sanatoci 109 ne, 'yan Majalisar Wakilai 360. Kafin a karɓi takardar zargi sai kashi ɗaya cikin uku na dukkansu sun sa hannu, wato mutum 157. Kafin a fara bincike sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun yarda, sanatoci 73 da wakilai 240. Sannan Alƙalin Alƙalai ya naɗa mutum bakwai su yi bincike cikin wata uku, in sun same shi da laifi a sake neman 73 da 240 ɗin nan. A zamanin Malam Umaru, PDP ita kaɗai tana da fiye da kashi biyu cikin uku a majalisun biyu. Wa zai tsige wa? Ba a taɓa tsige shugaban ƙasa a Nijeriya ba. A watan Agustan 2002 Majalisar Wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'abba ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka ko a tsige shi; Janar Gowon da Alhaji Shehu Shagari suka shiga tsakani, Obasanjo ya zarce a 2003, Na'abba ne bai koma majalisa ba. A watan Yulin 2022 sanatocin adawa sun ba Buhari mako shida kan rashin tsaro, makonnin suka wuce shiru. Ko a Amurka da muka aro tsarin, majalisar wakilansu ta tuhumi Andrew Johnson a 1868, da Bill Clinton a 1998, da Donald Trump har sau biyu, a 2019 da 2021, amma majalisar dattawa ba ta sauke ko ɗaya ba.

Inda wuƙar tsigewa take ci a ƙasar nan shi ne kan wanda ba shi da jama'a a majalisa, ko da laifi ko babu. Dattawan da ke nan sun tuna 1981, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano, Sule Lamido yana wakiltar wannan yanki a Legas a ƙarƙashin PRP. Ranar 23 ga Yuni na shekarar, majalisar jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, bayan ta hana shi naɗa kwamishinoni tun hawansa. A wannan shekarar dai, da PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, majalisar Kano ta tsige mataimakin Gwamna Abubakar Rimi, Alhaji Ibrahim Bibi Faruk, wanda ya tsaya ɓangaren Malam Aminu Kano. Daga baya, a 2006, an tsige Rashidi Ladoja a Oyo, da Peter Obi a Anambra, da Joshua Dariye a Filato, kotuna suka rushe duka ukun saboda ba a bi ƙa'ida ba. Ƙidayar kawuna ce ake yi, sai a sa mata rigar shari'a.

Makomar jam'iyyu kuwa, ba za mu daɗe a kanta ba, domin masu hasashenta sun sha kunya. A 2008 shugaban PDP na ƙasa, Vincent Ogbulafor, ya yi alfaharin za su yi shekara 60 suna mulki. Shekara bakwai bayan haka suka faɗi. Abin da aka ji tsoro a 2010 ya faru duk da ɓoye-ɓoyen: Jonathan ya gaji kujerar, ya tsaya a 2011, rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka fiye da 800 a Arewa bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, rigimar karɓa-karɓa kuma ta ci gaba da cin jam'iyyar har gwamnoninta biyar suka fice a 2013. A Jigawa mutane sun zaɓi Buhari a sama a 2011, suka zaɓi Lamido a jiha, a 2015 kuma suka juya gaba ɗaya zuwa APC. Gwamna Saminu Turaki da ANPP ya ci zaɓen 2003, da PDP ya tafi Majalisar Dattawa a 2007. Wanda ya ɓata da ɗan'uwansa na jini, ko ya daina gaisawa da maƙwabcinsa a kan jam'iyya, ya duba ya gani: mutanen da ya yi faɗan dominsu sun sauya sheƙa, wasunsu sun haɗu a inuwa guda, shi kuwa har yau ba ya zuwa sunan gidan ɗan'uwansa.

Abin da ke hannunmu kaɗan ne, amma yana nan. Cikin wakilai 240 da ake nema, akwai kujeru biyu da mu ke cika su: ta Birnin Kudu da Buji, da ta Gwaram. Cikin sanatoci 73 akwai na Jigawa ta Kudu maso Yamma, wanda ƙuri'unmu ke cikin masu tura shi. Idan masu neman waɗannan kujeru suka zo gaisuwa a zaurukanmu, bayan an gama maganar taki da hanya da rijiyar burtsatse, muna ba da shawara a ƙara musu tambaya guda a gaban shaidu: in shugaban ƙasa ɗan jam'iyyarka ya kwanta jinya kwana 21 bai rubuto wa majalisa ba, ina za ka jefa ƙuri'arka? A yi wa na PDP, a yi wa na APC, a yi wa duk wanda ya zo, da lafazi iri ɗaya. Sakataren kowane reshe ya rubuta amsar da ranar da aka ba da ita da sunayen waɗanda suka ji, ya ajiye a cikin littafin taro.